Jan Launi a Jerin Fayiloli: Alamar Gargaɗi

A tsarin Linux, umarnin ls ne ke jero sunayen fayiloli. Idan aka haɗa shi da --color, fayil mai izinin setuid kan fito da farin rubutu bisa jan fage. Irin wannan fayil yana aiki ne da ikon mai shi, ba da ikon wanda ya kira shi ba. Misali, passwd da ikon root yake aiki, shi ya sa masu kutse ke farautar irinsa.

Domin gwaji, ɗalibi zai ƙirƙiri fayil da touch, ya ba shi izinin da chmod u+s, sannan ya jero. In jan bai bayyana ba, sai a binciki LS_COLORS, inda lambar 37;41 ke wakiltar wannan launi. Rashinsa na iya ɓoye haɗari.