Daga Kwantak Zuwa CDI: Farfaɗo da Tsoffin Baburan Maiduguri

A watan Yuli na 2011 gwamnatin Jihar Borno, zamanin Gwamna Kashim Shettima, ta haramta hawa babur a Maiduguri da Jere, saboda 'yan Boko Haram sun mai da shi abin kai hari da tserewa. 'Yan acaɓa wasu suka bar garin, wasu suka koma Keke Napep. Labarinsu kowa ya ji shi. Akwai kuma wasu baburan da ba a cika tunawa da su ba, wato na tsoffin ma'aikatan gwamnati, waɗanda aka tura cikin gareji ko aka jingine a gindin darbejiya a gidajen GRA, aka lulluɓe da tamfol, shekaru suka yi ta wucewa a kansu.

Yawancinsu sun girmi 'ya'yan gidan. Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ta cika da ma'aikata, sannan ƙarin albashin Udoji ya shigo aljihu a farkon 1975. Akawu da malamin makaranta da malamin gona suka jingine keke suka hau babur: Honda Benly, CD175, Roadmaster, ƙaramar C70, Yamaha YB100, Suzuki A100, da CG125 wanda Honda ta fito da shi a 1975 musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a damu da yi wa inji sabis a kan lokaci ba. Ƙarfen waɗannan babura har gobe garau yake. Idan ɗa ko jika ya yaye tamfol ya wanke tanki da kafireta ya sa sabon fetur, ya buga kik har gumi ya keto masa babur bai ce uffan ba, galibi bakanike zai cire fulogi ya ɗora a jikin inji ya ce, "Alhaji, ai ba ya kawo wuta." Daga nan sai hannu ya nufi kwantak.

Kwantak ƴan ƙarafa biyu ne masu kai kamar ƙwayar gero, ɗaya a kafe, ɗaya a kan hannu mai sifirin. Wani ƙusumbi da ke juyawa tare da inji shi ke tura hannun, bakin ya buɗe, ya sake rufewa. A babur mai aiki da batir, muddin bakin na rufe wuta na bi ta cikin koyil tana tara ƙarfin maganaɗisu. Da zarar ya buɗe sai wutar ta yanke farat ɗaya, ƙarfin nan ya rushe, koyil ya mayar da bolt 6 na batir zuwa dubban bolt, tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi ya kunna fetur. Kwandansa kuma aikinsa shanye tartsatsin da zai so tashi a bakin kwantak ɗin kansa. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya daidaita wannan tsari wa motocin Cadillac wajen 1910, kuma ya yi wa duniya aiki sama da shekara sittin. Ƙananan babura irin su YB100 da A100 ba su jiran batir, maganeto ne ke ba su wuta, amma buɗewar kwantak ce dai ke yanke lokacin da fulogi zai yi tartsatsi.

Matsalar ita ce abu ne mai gogayya. A injin da kwantak ke buɗewa sau ɗaya a kowane juyi, idan yana juyi 6,000 a minti, bakin nan na buɗewa yana rufewa sau 100 a kowace daƙiƙa. Dugadugin fiba da ke hawa ƙusumbin yana cinyewa a hankali, tazarar bakin da ya kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.3 da 0.4 tana raguwa, wuta ta riƙa zuwa a makare. Babur ya rasa ƙarfi, ya riƙa zafi, ya riƙa shan mai. A Maiduguri abin ya fi sauri, domin ƙurar hunturu na shiga ta kowace kafa, ta haɗu da ɗan man da aka shafa wa ƙusumbin ta zama tamkar samfefa. Zama ma cuta ne: babur da ya shekara goma bai motsa ba, bakin kwantak ɗinsa ya yi tsatsa da dauɗar da ke hana wuta wucewa, kwandansa kuma ya lalace daga ciki ba tare da ido ya gani ba.

Tsoffin makanikai sun san maganin duk wannan. Sukan goge bakin, su saita tazara, sannan su sa siririyar takardar kwalin taba a tsakanin ƙarafan biyu, su juya maganeto da hannu a hankali. Daidai lokacin da takardar ta saki, a nan ne ya kamata alamar F da ke jikin maganeto ta yi daidai da tsagin da ke jikin inji. Aiki ne na ƴan mintuna ga wanda ya iya. To amma masu iyawar sun ƙaranta. Yaron da ya shiga koyon gyara bayan 2011 a kan Keke Napep ya buɗe ido, wanda ya riga shi kuma a kan Jincheng da Bajaj Boxer, duk kuwa babu mai kwantak a cikinsu. Kayan gyaran ma na kirki sun yi wuya, sabon kwandansa na jabu kan mutu cikin makonni. A ganin mai wannan rubutu, wannan ne babban dalilin sauya kwantak da akwatin lantarki na CDI, ya fi maganar ƙarin gudu da ake yawan yi, domin CDI ba ya ƙara wa tsohon inji dawakai. Abin da yake yi shi ne riƙe saitin wuta a inda aka ajiye shi.

CDI ba sabon abu ba ne. Kawasaki ta sa shi a babur ɗinta H1 tun 1969, kamfanin Boyer Bransden na Ingila kuma ya daɗe yana ƙera akwatunan lantarki da ake maye gurbin kwantak da su a tsoffin Triumph da BSA da Norton. A tsarin CDI, wani koyil a cikin maganeto yana samar da wuta ta ƴan ɗaruruwan bolt, a tara ta a wani kwandansa cikin ɗan baƙin akwati. A gefen maganeto akwai ƙaramin koyil mai jin wucewar ƙarfe, wanda makanikai ke kira falsa. Duk sanda wani ɗan tudu da ke jikin maganeto ya gifta ta gabansa, sai ya aika sigina, akwatin ya juye duk wutar da ya tara cikin koyil ɗin fulogi a lokaci guda. Babu abin da ke taɓa wani, saboda haka babu abin da ke cinyewa, ƙura kuma ba ta da inda za ta yi ɓarna. Tartsatsin na da kaifi, har fulogi mai ɗan datti yakan kama.

Ga masu CG125 da C70 sa'a ta faɗo. Masana'antun Sin sun kwaikwayi waɗannan injuna ƙwarai, don haka farantin koyil da maganeto da falsa na sababbin babura, irin waɗanda ke fitowa daga kasuwar Nnewi su bazu a shagunan Arewa, sukan zauna a tsohon inji da ɗan gyara kaɗan. Sai dai a gwada kafin a biya. Kan sandar inji inda maganeto ke zama a fiƙe yake, kuma kaurinsa ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Maganeton da bai zauna daram ba zai karya ɗan makullin da ke riƙe shi, saiti ya gudu, wani lokaci har ya ci sandar. Dole kuma a canza koyil ɗin fulogi, domin na kwantak da na CDI ba ɗaya ba ne. Mutane da yawa kan yi amfani da damar su mayar da fitilun babur daga bolt 6 zuwa 12, tunda ƙwan fitila da batir na bolt 6 sun zama sai an tona.

Babura masu silinda biyu irin CD175 hanyarsu daban. A nan farantin kwantak kawai ake cirewa a sa wani mai na'urar ji, wutar kuma daga batir take zuwa. Wanda ya zaɓi wannan ya sani cewa ya ɗaura rayuwar babur a kan batir, kuma zafin Maiduguri na Afrilu, da ke haura digiri 40, ba ya barin batir ya yi tsawon rai. Akwai ma hanya ta tsakiya, inda ake barin kwantak a wurinsa ya zama mai ba da sigina kawai, wani ɗan akwati ya ɗauke masa nauyin wutar. Bakin ya daina ƙonewa, amma dugadugin fiba zai ci gaba da cinyewa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen saitin lokaci. Inji na bukatar tartsatsi ya riƙa zuwa da wuri yayin da gudu ke ƙaruwa. Tsoffin injuna masu bawul da yawa suna da wasu ƴan ƙarafa masu sifirin da ke buɗewa da ƙarfin juyi su gaggauta wutar. Akwatunan CDI da yawa kuma da kansu suke yin wannan. Idan aka haɗa biyun, wuta ta zo da wuri fiye da kima, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, kik ya riƙa dukan ƙafa, ƙarshenta kan fistin ya huje. Ko dai a kulle ƙarafan, ko a nemi akwatin da ba ya gaggautawa. Injuna masu haɗa fetur da baƙin mai, irin YB100 da A100, sun fi kowa rashin haƙuri: tartsatsinsu na zuwa ne saura kusan milimita 2 fistin ya kai ƙololuwa, kuma akwatin da aka yi wa injin bawul kan ƙone su. Takardar taba ba ta da amfani a nan, tunda babu bakin da ke buɗewa. Sai an tayar da inji an haska alamar F da fitilar saiti mai walƙiya, a duba a silo, a sake dubawa an murɗa totur. Mai rewayan da ya ce zai saita da kunne, a nemi wani.

Akwatin kansa a ɗaure shi nesa da zafin inji da salansa, inda iska ke ratsawa, wayar da ke haɗa shi da jikin ƙarfen babur kuma a kankare fenti a ɗaure ta tam. Kwantak idan ya yi gardama a hanya ana lallaɓa shi da sukundireba a isa gida. CDI idan ya mutu ya mutu, shi ya sa ake ajiye guda na biyu a akwatin kayan aiki, kuma ba shi da tsada.

Tsohon farantin da kwantak da maganeto kada a bari su tafi wurin ƴan gwangwan. A shafa musu mai a ƙulle a leda, kada kuma a yanke wayoyin asali inda za a iya jona su da soket, domin masu sha'awar tsoffin babura sun fi daraja wanda za a iya mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Sannan maganar doka: hukumomin tsaro sun sha jaddada haramcin hawa babur a Maiduguri, don haka wanda ya farfaɗo da na mahaifinsa, gwajinsa a cikin harabar gida zai yi, ko ya ɗora shi a mota zuwa garin da aka yarda a hau. Ko a harabar ce, a riƙa tayar da shi duk mako biyu har ya yi zafi sosai, a rufe famfon mai a bar kafireta ta shanye abin da ke cikinta kafin a mayar da tamfol.