Saƙo ba tare da dillali ba: gardamar masu tsara aikin kwamfuta

A shekara ta 2003, wani ma'aikacin bankin JPMorgan a birnin Landan, John O'Hara, ya tashi neman ƙa'ida guda wadda kwamfutocin bankuna za su bi wajen aika wa juna saƙon saye da sayarwa ba tare da ko ɗaya ya salwanta ba. Dabarar da aka saba da ita, tun MQSeries na kamfanin IBM a 1993, ita ce ta layi. Na'ura mai aikawa ba ta jiran mai karɓa: tana ajiye saƙo a layi ta koma ga aikinta, waccan kuwa ta riƙa ɗauka bi da bi in ta samu sarari. Wata na'ura ta uku ke riƙe da layin, masu sana'ar kuma dillali suke ce mata. Ƙa'idar da aka fitar ita ce AMQP.

Pieter Hintjens, mai kamfanin iMatix a ƙasar Beljik, da shi aka tsara ta, amma daga baya ya ga ta yi nauyi. A 2007 kamfaninsa ya soma ZeroMQ tare da Martin Sústrik, a 2010 kuma ya janye daga AMQP. Sifirin da ke cikin sunan na nufin babu dillali.

ZeroMQ tarin umurni ne rubutacce wanda mai tsara aiki ke sakawa cikin nasa. Layin yana cikin ƙwaƙwalwar na'urorin biyu, kuma in hanya ta katse, su da kansu ke sake haɗuwa. Sauri kam akwai shi. To, amma layi yana da iyaka, saƙo 1000 in ba a canza ba. Idan ya cika, tsarin rabon aiki yakan tsai da mai aikawa har a samu wuri. Tsarin shela kuwa zubar da sabon saƙo yake yi, bai gaya wa kowa ba. In lantarki ya ɗauke, abin da ke layi ya tafi ke nan.

Ga shelar farashi wannan ba asara ba ce, tunda sabon farashi na tafe cikin ƙiftawar ido. Ga umurnin biyan kuɗi kuwa, ganganci ne. Nan dillali irin RabbitMQ ya fi, domin yana iya rubuta saƙo a faifai, ya riƙe shi har mai karɓa ya shaida ya samu. Shi ma da nasa aibi, kamar kowane dillali: in shaidar ta ɓata a hanya, sai ya sake miƙa saƙon, a biya mutum sau biyu. Saboda haka ake ba kowane saƙo lamba, mai karɓa ya duba ko ya taɓa ganinta.

A 2011 injiniyoyin cibiyar bincike ta CERN, kusa da Janeba, sun gwada irin waɗannan kayan aiki da dama, suka zaɓi ZeroMQ don sarrafa na'urorinsu. Hintjens ya rasu a Buruksel a 2016, bayan fama da ciwon daji.