'Yar Tsana da Tukunyar Miya

Ba mata biyu kuka iri ɗaya, daddawa iri ɗaya, barkonon da aka daka a turmi guda, su ɗora tukwane a murhu ɗaya. In an sauke, yaron gida zai lasa ya ce wannan ta Inna ce, waccan kuwa ta Goggo. Wata takan bar daddawa ta daɗe tana tafasa, wata hannunta na da nauyi wajen yaji, wata sai ta rage wuta kafin ta sa maburgi. Ba wadda ta auna komai, amma kowacce ta bar kanta a cikin tukunya. Haka 'yar tsanar da aka ɗinka da hannu take. Ƙyalle da zare na kowa ne, sai dai in ka dube ta da kyau, mai ɗinkin za ka gani.

Labarin Käthe Kruse, Bajamushiyar da aka haifa a 1883, ya isa shaida. 'Yar wasan kwaikwayo ce tun farko. A 1905 tana zaune a Ascona ta ƙasar Suwizalan, 'yarta Maria ta matsa sai an ba ta 'yar tsana. Uban yarinyar, Max Kruse, masassaƙin mutum-mutumi ne a Berlin. Ya zaga kantuna ya ga na zamanin, masu kan tangaran, ga sanyi ga tauri, ya ƙi saye, ya ce su yi tasu da kansu. Sai uwar ta ɗauki tawul ta zuba yashi a tsakiya, ta ƙulle kusurwoyinsa huɗu suka zama hannuwa da ƙafafu, ta cusa dankalin Turawa a matsayin kai, ta zana fuska da ƙonanniyar ashana. Duk wadda ta taɓa naɗe kara ko ƙashi da guntun atamfar da ta tsinto a shagon tela ta goya a baya, ta san irin wannan aiki.

Yarinyar ta rungume ta ƙam. Dalilin kuwa yashin nan ne: ya ba ta nauyi da laushi, in an ɗauke ta sai ta lanƙwashe a hannu kamar jariri. Wannan shi ne ɗanɗanon da Käthe ta yi ta bi shekara da shekaru, domin tawul ba ya riƙe yashi, dankali kuma yamutsewa yake yi. Ta koma ɗinka jiki da yadi gaɓa-gaɓa, tana cusa gashin barewa a ciki, ana fente fuska da hannu. Fuskokin ba sa dariya, ba sa kuka. A ganina nan gwanintarta ta fi fitowa. Mai girkin da ta san aikinta ba ta cika gishiri, takan bar wa mai ci wurin ƙarawa. Yarinya ce za ta ce yau 'yarta fushi take yi, gobe kuma murna.

A 1910 aka nuna aikinta a kantin Tietz na Berlin, wurin baje kolin kayan wasan da iyaye suka yi da hannunsu, kuma nan take suna ya fita. Sai matsalar da kowace gwanar miya ta sani ta taso. Girkin mutum biyar daban, tukunyar biki daban. Da yawa sun fara sayar da tuwo saboda an yaba hannunsu, ciniki na buɗewa suka ɗauki 'yan aiki, sai ka ji tsofaffin masu saye suna cewa ai miyar ba kamar da ba. Käthe ta ba kamfanin Kämmer & Reinhardt izinin ƙera mata, da ta ga abin da ya fito bai yi mata ba, ta janye. A 1911 kantin FAO Schwarz na New York ya nemi guda 150, ta tara masu taya ta aka ɗinka su a gidanta. A 1912 ta buɗe wurin aikinta a Bad Kösen, inda aka ci gaba da yi da hannu a gaban idonta.

Abin ya ci kuɗi, gaskiya, kuma ba kowane gida ke iya saye ba. Yau ma tsofaffin 'yan tsananta sun fi yawa a akwatunan gilashi na masu tarawa da gidan tarihinta na Donauwörth fiye da hannun yara. Masu kwaikwayo kuwa ba su yi barci ba. Kamfanin Bing na Nuremberg ya fito da masu kama da nata a farashi mai sauƙi, ta kai ƙara. A 1925 babbar kotun Jamus da ke Leipzig ta ba ta gaskiya, ta ɗauki 'yar tsanarta a matsayin aikin fasaha mai haƙƙin mallaka.