Tsohuwar wuƙar aljihu: a duba hatiminta kafin a kai ta wurin mai washi

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu ƴan kasuwa da dillalai, yau ba zancen farashin gero ko na shinkafa na zo da shi ba. Wani ɗan ƙaramin kaya ne wanda kusan kowane gida akwai shi, a ƙasan akwati ko cikin tsohon kwano: wuƙar nan mai naɗewa da iyayenmu maza ke sawa a aljihu, su fere rake, su yanke igiyar buhu, su yanka kaza in baƙo ya sauka.

Mahaifina fatake ne, yana da irinta guda, mai ƙotar itace da ɗan zobe a baya. Da Allah ya yi masa rasuwa aka ba ni ita, ni kuwa da hanzarin ƙuruciya na kai wa mai washi a bakin kasuwa na ce ya fid da mani tsatsar duka. Ya ɗora ta bisa dutsen inji, ta fito tana walƙiya, na biya dala ashirin ina murna. Sai bayan shekaru na gane cewa rubutun da ya goge a gindin ruwan wuƙar shi ne dukan shaidarta. Yanzu ba mai iya cewa ga ƙasar da aka ƙera ta, balle shekarunta.

Wannan wuƙa Okapi ake ce mata. A garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta cikin 1902, kuma tun farko don kasuwannin Afirka aka yi ta. Cikin 1988 aka sayar da sunan da injinan ƙirar, aikin ya koma Afirka ta Kudu, har yau can ake yin ta. Ke nan duk Okapi mai hatimin Jamus ta haura shekara 35, kuma ba a ƙara ƙera wata. Wannan shi ne abin da masu tara tsofaffin wuƙaƙe a Turai da Amurka ke bi: abin da masana'anta ta daina yi kullum raguwa yake, yau guda ta ɓata a gona, gobe guda ta karye wajen buɗe gwangwani.

Ta biyu da muka fi sani ita ce Opinel ta Faransa, mai ƙota zagayayya. Joseph Opinel ya fara ta cikin 1890 a yankin Savoie, kuma tun 1909 ake buga mata hoton hannu da kambi a samansa. Ita tana da sauƙin ganewa, don lamba gare ta gwargwadon girma. An fito da lamba 1 har zuwa 12, amma lamba 1 da lamba 11 an daina su tun cikin shekarun 1930. Wanda ya samu ɗaya daga cikin waɗannan biyu a kayan gado, to ya riƙe da kyau. Sannan akwai zoben ƙarfe da ake juyawa a wuyanta don kada ta naɗe ta yanke yatsa: cikin 1955 aka ƙirƙiro shi, cikin 2000 kuma aka gyara shi yadda zai kulle wuƙar ko tana naɗe. Saboda haka babbar Opinel mai ƙirar da ba ta da zoben juyawa tana iya zama ta kafin 1955. Na ce tana iya zama, don wata zoben ne ya fita ya ɓata. Ƙananan kuwa, lamba 2 zuwa 5, dama ba a sa masu shi, kada wani ya ruɗe ku da wannan.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce Douk-Douk. Gidan Cognet da ke garin Thiers ya fito da ita cikin 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninka, siririya kamar a sa ta cikin hula. Don tsibiran Melaneziya aka yi ta, da hoton wani dodonsu a jiki, sai ba ta yi kasuwa can ba, aka juyo da ita Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, nan ta samu karɓuwa. A lokacin yaƙin Aljeriya, 1954 zuwa 1962, har hukumomin Faransa suka hana shigar da ita can. Da yake Musulmi da yawa ba su son ɗaukar hoton dodo a aljihu, sai masana'antar ta yi wata mai suna El Baraka, aka zana mata alamar nan ta Agadas wadda maƙeranmu ke yi da azurfa mata suna ratayawa a wuya. Wato alamar ƙasarmu ce ke yawo a aljihun mutane tun daga Maroko. Douk-Douk dai har yanzu ana ƙera ta, don haka tsufa kaɗai bai isa ya ɗaga kuɗinta ba, sai in zanen da ke kan ruwanta bai goge ba.

To yaya ake yi mata kuɗi? Mai saye na gaskiya hatimi yake fara dubawa, sannan ya duba ruwan wuƙar ko washi ya cinye shi ya zama kamar tsinke. Ya buɗe ta ya naɗe, ya ji ko tana kamawa da ƙarfi ko tana lilo. Ya duba ƙota, ta asali ce ko maƙeri ya sake mata wata. Abin da zai ba ku mamaki, baƙin nan da tsohon ƙarfe ke yi ba aibi ba ne wurinsu, sun fi son shi da walƙiyar inji. Saboda haka uwayenmu mata, a bar toka da yashi da soson ƙarfe. Tsumma da ɗigon man keken ɗinki sun isa, a shafe ta a ajiye wurin da damina ba ta kai.

Ban so kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka ya tsinci zinariya. Waɗannan wuƙaƙe na talakawa ne, miliyoyi aka ƙera, kuma sabuwar Opinel lamba 8 a Faransa kuɗinta bai wuce wajen jika goma ba. Mafi yawan waɗanda ke gidajenmu an ci moriyarsu har sun gaji, darajarsu ta tunawa da mai ita ce. Ga jabu kuma birjik bisa teburan ƴan koli, da suna iri ɗaya da ƙarfe mai laushi. Wanda ya jiƙa sabuwa a ruwan gishiri don ta yi tsatsa ya ce ta kakansa ce, hatimin zai tona shi.

Matsala ta gaske ita ce masu sayen ba su kusa. Da can ƴan yawon buɗe ido na ratsawa ta Tawa su nufi Agadas, suna tsince-tsincen tsofaffin kaya, amma tun tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit cikin 2010 wannan hanya ta mutu. Abin da ya rage shi ne mai zagayawa gida gida yana sayen tsohon ƙarfe a kan kilo, ko ɗan tsakiya da ya san abin da dillaliya ba ta sani ba, ya taya mata dala ɗari ta ce albarka kaɗan, ya ƙara hamsin ta sallama.

Dillaliyar da aka kawo wa kayan gado, daga Kasuwar Dole ta Damagaram har Katako ta Yamai, ta ware wuƙar gefe tukuna. A sa yaro mai karatun boko ya karanta abin da ke rubuce a gindin ruwanta, a ɗauki hotonsa da salula ta fuska biyu, a tura wa ɗan uwa da ke waje ya duba nawa aka sayar da irinta, ba nawa mai ita ya nema ba, don kowa na iya neman abin da ya ga dama. In magada suna da yawa, a sanar da su kafin a sallama. Wanda kuma zai tafi da ita ta jirgin sama ya sa ta cikin akwatin awo, in ya riƙe ta a jakar hannu a filin jirgi za a karɓe.

Tawa dai tana nan cikin aljihun jakar aikina, ba hatimi, ba mai taya ta ko dala. Da ita nake fere mangwaro a ɗakin watsa shiri in lokacinsa ya zo.