Mai Jan Biro a Gefen Shafi

A wurin masu sayar da littattafan gwanjo na tsinci *The Fulani Empire of Sokoto*, wanda H.A.S. Johnston, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya wallafa a 1967. Sai da na isa gida na ga ashe wani ya riga ni zama a ciki. Da jan biro ya bi gefen shafuka yana zuba "ƙarya" da "wa ya ce?", wani wurin har biron ya huda takardar. Ban san shi ba, amma daga inda ransa ya fi ɓaci, wato faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kashe Sarkin Gobir Yunfa, na yi zaton Bagobiri ne.

Da farko ya ishe ni, kamar ana ba ka labari wani yana ta katse mai maganar. Daga baya na lura "wa ya ce?" ɗin nan tambayar masana tarihi ce. Galibin abin da aka rubuta kan jihadin 1804 daga alƙalamin waɗanda suka yi nasara ya fito: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, mai *Infakul Maisuri*. Gobirawan da suka koma Tsibiri, kusa da Maraɗi, nasu labarin ya fi zama a bakin dattawa da maroƙa. Kowa ya karanta ɓangare ɗaya, rabin shari'a ya ji. Shi kansa Bello bai ɓoye muryar abokin jayayya ba, ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno da ke tuhumar jihadin, sannan ya ba da amsa.

Sai dai mutumin nawa ya yi wa kansa. Har shekarun da babu gardama a kansu ya soke, kuma ko sau ɗaya bai ambaci littafi ko wanda ya ji daga bakinsa ba. Malamanmu na zaure ma suna rubutu a gefen littafi, hashiya ke nan, amma su fassara suke yi, su warware kalma mai wuya, sau da yawa da ajami.

In irin wannan littafi ya faɗo hannunka, kada ka goge rubutun. Karanta shafin tukuna, sannan ka leƙa gefe, ka tambayi marubucin da mai sukarsa duka: ina kuka samo?