'Yar'uwa, Kin San Inda Hantarki Take?

Yau ina so mu tattauna a kan wani ilimi da kowace mace take yawo da littafinsa dare da rana amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa buɗe shi, watau ilimin sanin sassan jikin mutum, wanda likitoci ke kira anatomi.

Ki tuna ranar Babbar Salla. In an yanka ragon layya an feɗe, ke ake miƙo wa kayan ciki, ki zauna bakin rariya ki ware hanta gefe guda, huhu gefe guda, ki cire matsarmama a hankali don kada ta fashe ta ɓata naman. Babu abin da ba ki san sunansa ba a cikin ragon nan. To, amma in na tambaye ki hantarki a dama take ko a hagu, me za ki ce mini? Na yi wa mata da yawa wannan tambaya a nan Wudil, galibinsu sai su yi dariya su rufe fuska da mayafi.

Ni malamar firamare ce, da safe ina tare da yara. Ran Talata da Alhamis kuma, bayan sallar la'asar, ina koyar da darasin kiwon lafiya a ajin matan aure na unguwarmu. Irin waɗannan azuzuwa sun daɗe a jiharmu, domin tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano. Ni ba likita ba ce, saboda haka duk darasin da zan bayar sai na fara kai shi wurin wata ungozomar asibiti ta duba mini tukuna.

Ranar da muka fara, na je wurin mahauta da sassafe na sayo kayan cikin akuya ɗungum, ba a yanyanka ba, na shimfiɗa a faranti a gaban aji. Na sa bututu a maƙogwaron na hura, sai huhun ya kumbura, mata suka yi ta salati. Muka tsaga zuciyar muka ƙirga ɗakunanta huɗu, daidai da na zuciyar mutum. Daga nan kowa ta ɗora hannu a jikinta muna bi ɗaya bayan ɗaya. Hanta tana dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Saifa tana hagu. Ƙoda biyu ne, suna can baya, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, su ne ke tace jini su fitar da fitsari. Na kuma nuna musu inda muka bambanta da dabba: tumbin akuya kashi huɗu ne domin tana tuƙa, namu kuwa guda ɗaya ne tak. Kafin a tashi kowace mace ta iya lalubo bugun jini a wuyan hannunta, ta kuma san cewa ga babban mutum mai lafiya da ke zaune, zuciya na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya.

Wata dattijuwa ta ce mini, "Malama, duk wannan mun gani, amma mene ne amfaninsa gare mu, tun da ba asibiti za mu yi aiki ba?" Tambayarta tana kan hanya, kuma amsarta ita ce dalilin wannan rubutu.

Mu fara da jini. Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita 5 ne, watau kamar ledar ruwan sha goma, irin wadda yara ke talla a tasha. Ma'aikatan lafiya sun ce in mai jego ta zubar da rabin lita bayan haihuwa, cikin leda guda ke nan, to, abin ya shiga haɗari. Matar da ta san wannan ba za ta tsaya tana canza wa ƙanwarta zane bayan zane tana cewa ƙazanta ce ke fita ba. Za ta aika a nemo mota nan take, ko da tsakar dare ne.

Sai kuma maganar ƙugu. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kaɗan daga cikinsu suka haɗu suka yi ƙugu, siffarsa kamar ƙwarya mai huda a gindi, kuma ta wannan huda jariri yake fitowa. A aji na kawo ƙoƙo na huda gindinsa, na zura lemo ƙarami ya wuce, na zura babba ya maƙale. Sa'an nan na zana musu a allo yadda mahaifa take zaune a tsakiya, mafitsara a gabanta, hanyar bayan gida a bayanta. Mahaifar da ba ta da ciki ba ta kai dunƙulen hannunki ba, amma a ƙarshen makonni 40 na goyon ciki takan kai har ƙarƙashin haƙarƙari.

To, in kan jariri ya fi ƙarfin hudar ƙugu, ko dai don uwar yarinya ce ƙashinta bai gama girma ba, ko don jaririn ya zo a karkace, sai kan ya danne mafitsara a jikin ƙashi. In aka daɗe a haka jini ba ya isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne asalin yawancin ciwon yoyon fitsari. Yankan gishiri ma yakan jawo shi, gama tsakanin inda ake sa aska da mafitsara ɗan siririn nama ne kawai. Ana yin aikin gyaran wannan ciwo a Asibitin Murtala da ke Kano da kuma Babbar Ruga a Katsina, mata da yawa sun warke, amma wadda ta ga yadda mai ciwon take zama a ware, ba ta shiga biki ba ta shiga suna, ta san rigakafin ya fi. In naƙuda ta kai awa 12 babu haihuwa, asibiti za a nufa.

Bara da damina wata ɗalibata ta zo aji da goro tana rabawa. 'Yar mijinta ce ta fara naƙuda tun asuba, har aka yi isha'i shiru, tsofaffin gida suna cewa haihuwar fari ce, a yi haƙuri. Ta ce da ta dubi yarinyar sai ƙoƙon nan da lemo suka faɗo mata a rai. Ta shiga turakar maigida ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, kan yaron nan ba zai wuce ba ko za mu kwana uku a nan." Ta ɗauki ƙoƙo ta kwatanta masa, shi kuwa da ya gane sai ya fita da kansa neman mota. A daren aka yi wa yarinyar aiki, aka ciro ɗa namiji da ransa, uwar ma ta tashi lafiya.

Na san akwai masu cewa wannan darasi rashin kunya ne, har wasu magidanta suka hana matansu zuwa da farko. Kunya abu ne mai kyau, shi ya sa ajinmu mata ne zalla, kuma ba ma barin yara su leƙo. Amma a tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da matan aure a cikin gidajensu. Sanin jiki kuwa ba na Turawa ba ne su kaɗai. Wani likita Musulmi, Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu ya komo zuciya, shekaru fiye da ɗari uku kafin William Harvey na Ingila ya buga littafinsa a kan zagayawar jini a 1628. In maigidanki yana shakka, ki gaya masa wannan cikin ladabi, ki kuma roƙe shi ya tambayi malamin unguwa.

Ke kuma 'yata ko ƙanwata da ke makaranta, ki riƙe bayoloji da kemistiri da fizis da lissafi da Turanci da kyau, domin su ake nema wajen shiga makarantar koyon jinya da ungozoma. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garinmu tun 2001, wadda a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote, ga Jami'ar Bayero a Kano inda ake karatun likita. Mata da yawa suna ƙin zuwa asibiti ne don ba sa son namiji ya duba su, maganin wannan kuwa shi ne ku ku yi karatun ku dawo ku duba mu.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana malamai da nas-nas da ungozomomi. Yamma biyu a mako ba za ta hana ki girki ba in kin tsara aikinki tun rana. Ki nemi iznin maigida, ki tara matan layinku ko da goma ne a tsakar gida, ki sayo huhu da zuciya wurin mahauci, bayan darasi kuma a dafa a ci. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.