“1944”: Waƙar Da Ta Kai Kukan Tatarawan Kirimiya Gaban Duniya

Gasar Eurovision, wadda ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Turai ke shiryawa tun shekarar 1956, ta yi suna ne wajen waƙoƙin soyayya da rawa da adon fitilu. Amma a ranar 14 ga Mayun 2016, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, waƙar makoki ce ta ɗauki kambu. Sunanta “1944”, kuma Jamala, wakiliyar ƙasar Yukren, ce ta rubuta ta, ta kuma rera.

Sunan waƙar shekara ce da Tatarawan Kirimiya ba sa mantawa. Tatarawan Musulmi ne da suka daɗe a yankin Kirimiya da ke bakin Baƙin Teku. Daga 18 zuwa 20 ga Mayun 1944, gwamnatin Stalin ta kwashe su kusan dubu 200, bisa zargin haɗa baki da sojojin Jamus, ta cusa su a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, akasari Uzbekistan. Dubbai suka mutu, wasu a hanya, wasu bayan isa saboda yunwa da cuta. Mahaifiyar kakan Jamala na cikin waɗanda aka kora tare da ’ya’yanta biyar, kuma ’yarta guda ta rasu kafin jirgin ya isa. Wannan kora ce ta sa aka haifi Jamala a Osh ta Kirgizistan a 1983, nesa da ƙasar kakanninta.

Baitocin waƙar da Turanci suke, amshinta kuwa da harshen Tatarawa, karo na farko da aka ji harshen a dandalin gasar. ’Yan siyasar Rasha sun yi ƙorafi cewa habaici ne ga mamayar da Rasha ta yi wa Kirimiya a 2014, alhali dokar gasar ta haramta waƙoƙin siyasa. Masu shirya gasar suka duba, suka ce waƙar ba ta karya doka ba.

Ranar ƙarshe, alƙalai sun fifita Ostireliya, masu kallo suka fifita Rasha, Yukren ta zo ta biyu a kowane ɓangare. Da aka haɗa maki, Jamala ta samu 534, Ostireliya 511, Rasha 491.

A ganina, masu shirya gasar sun yi adalci. Idan aka hana jika faɗin abin da ya sami kakanninta don gudun ɓacin ran masu ƙarfi, an ƙara wa wanda aka zalunta wani zaluncin. Miliyoyin da ba su taɓa jin labarin Tatarawa ba sun ji shi a wannan dare cikin minti 3. Al’ummar da ta adana tarihinta a waƙa, ko an raba ta da ƙasarta, ba za a iya shafe ta ba.